Sunan da za ka raɗa wa maɗaba'arka a Legas

Wani ƙanena da ya shekara shida yana koyon aikin ɗab'i a Shomolu ne ya aiko mini da tambaya. Maigidansa ya yaye shi, ya kama shago a Agege, ya sayi injin buga bana, wato babban ƙyallen talla, da wani ƙaramin injin buga kati na hannu, abin da ya rage masa suna. Guda uku ne ke masa yawo a rai. Na farko cikakken sunan mahaifinsa, a biyo shi da "and Sons Global Printing and General Enterprises". Na biyu "Masha Allah Prints". Na uku "Arewa Digital Prints". Ya ce: "Yaya, wanne zan ɗauka? Mai rubuta allon shago ya ce in kai masa ranar Asabar."

Ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya sa ka buɗe a sa'a, ya tsare ka da sharrin bashi. Kafin komai, ɗauki waya ka ce wa mai allon nan ya dakata. Allo shi ne zai zo a ƙarshe, bayan takardar rajista ta shigo hannunka, kuma zan gaya maka dalili in mun je wurin.

Shekara ashirin da 'yan kai da na yi a wannan sana'a sun koya mini abu ɗaya game da suna. Mai shagon tireda sunansa yana zaune a saman ƙofarsa, wanda ya zo wucewa ya gani. Namu yawo yake yi. Yana gindin kalandar bikin da wata tsohuwa ta rataye a ɗakinta a Idi-Araba, yana bayan littafin rasit ɗin ɗan gwari a Mile 12, yana ƙasan fostar da aka manna a gindin gadar Oshodi, yana bakin ɗan aike mai babur da ya ɓata hanya yana tambaya. Yawancin masu furta shi ba Hausawa ba ne, kuma ba ka wurin balle ka gyara musu. Don haka da ma'auni ɗaya zan auna sunayen nan naka uku: in sunan ya bar hannunka ya shiga bakin mutanen Legas, zai dawo maka da ciniki, ko zai ɓace a hanya?

Ka fi ni sanin yadda aiki ke tafiya a Shomolu a yau. Ko da kana da injinka a Agege, duk aikin da ya yi yawa can za ka kai shi, domin can ne Kord da GTO da sauran manyan injinan Heidelberg suke. Aiki ɗaya sai ya bi ta hannu biyar: mai fitar da farantin bugu, mai inji, mai sa leda, mai yanka, mai ɗinki. Kowannensu in ya gama sai ya naɗe aikin da takardar da ta lalace, ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta sunan mai shi a kai, ya jingine a bango cikin ƙunshi hamsin. Daƙiƙa biyu yake ba sunanka, ba ƙari. Lokacin da na fara, sunan shagona kalma biyar ne, ina ji da shi ƙwarai, amma ba wanda ya taɓa rubuta shi a kan ƙunshi. "Mallam" kawai suke rubutawa. Wata Alhamis, ana jibi ɗaurin aure, na aiki yarona wajen mai yanka a wani layi bayan titin Bajulaiye ya ɗauko kalandar amarya guda 500. Ya sha cunkoso, ya iso Agege bayan magariba, muka kwance igiya, sai ga fostar saukar karatun wata Islamiyya. Ashe akwai wani "Mallam" ɗin daga Idi-Araba da ya kai aiki rana ɗaya da ni, yaronsa ya riga nawa zuwa. Uwar amarya ta kira ni sau bakwai a daren nan, muryarta na rawa, domin da asuba motar 'yan biki za ta tashi zuwa Kano. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare muka haɗu da mutumin a Mushin, muka yi musaya a gefen titi da fitilar waya. Kalanda ta shiga mota, amma mutanen gidan nan ba su ƙara kawo mini aiki ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Legas gari ne mai gutsure suna. Saurari kwandastan danfo, motar hayar Legas. Julius Berger kamfanin gine-gine ne, ya koma "Baja". Kamfanin haɗa motocin Volkswagen da ke hanyar Badagry ya koma "Volks". Costain da Cappa duk sunayen kamfanoni ne da suka zama tasha saboda sun zauna a baki. A sana'armu ma, kamfanin da ke buga kuɗin ƙasar nan, wanda aka kafa a 1963, sunansa a takarda ya kusa cika layi guda, amma kowa "Mint" yake ce masa. A gida ma haka ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, da aka zo kafa kamfanin ɗab'in a 1945 kalma ɗaya aka tsakuro, Gaskiya, kuma har yau da sunan ake kiran wajen. Ko ka so ko ka ƙi sai an gajarta maka suna. Gara ka gajarta da kanka, ka zaɓi guntun da kake so a riƙe.

To, mu ɗauki sunan Baba. Na san abin da ke ranka, kuma abu ne mai kyau. Mutumin da ya sa ka a mota zuwa Ikko da addu'arsa, kana so ka ga sunansa a saman ƙofarka. Amma Hausawa sun ce suna linzami, kuma duk wanda ya kama linzami ya kama mai shi. Sana'armu ba ta rabuwa da rigima. Yau launi bai fito yadda aka gani a waya ba, gobe an yi kuskuren harafi ɗaya a sunan ango, jibi janareto ya ƙi tashi aiki ya makara. Ranar da mai aiki ya fusata ya tsaya a ƙofar shago yana ɗaga murya, ko ya hau Facebook yana kashedi, sunan da ke kan allo zai kira. Tambayi kanka ko za ka iya jure jin sunan mahaifinka a bakin mai zagi, saboda kuskuren da yaron shago ya yi kana masallaci.

Akwai kuma maganar da ba a son yi, amma gara in yi maka ita yanzu. Shagon da ke ɗauke da sunan uba, da "and Sons" a bayansa, ranar da aka wayi gari babu uban, sai ka ji wani daga cikin 'yan'uwa ya ce ai shagon Baba ne, a sa shi cikin gado. Na zauna a sulhu irin wannan, inda mutum ya fito da rasit ɗin injin da ya saya da guminsa, aka nuna masa allo aka ce ga sunan mai shi nan. Zumunci ya yi tsami a kan kalma biyu da aka rubuta don girmamawa. In gidanku yana da laƙabi gajere wanda aka san ku da shi, wannan daban ne. Ɗantata da Ɗangote sunayen gida ne, gaɓa uku kowanne, kuma babu bakin da ya gagara furta su daga Apapa har Maiduguri. In naku haka yake, ɗauke shi shi kaɗai ka liƙa masa "Press". Wutsiyar nan ta "Global" da "General Enterprises" kuwa yanke ta gaba ɗaya. Ma'aikacin kamfani a Ikeja da ke neman wanda zai buga musu rahoton shekara, in ya ga "General" abin da yake karantawa shi ne wannan ɗan kwangila ne, yau siminti gobe takarda, zai karɓa ya kai wa wani. Kai kuwa gwani ne, ka yi shekara shida tawada na cin farcenka, bari sunan ya faɗi haka.

Na biyun, "Masha Allah", shi ne ya fi taɓa ni, domin niyyarka a kansa ita ce mafi tsarki, kuma shi ne zan fi roƙonka ka bari. Wata safiya a Agege na tsaya sayen ƙosai, matar ta naɗe mini a guntun takardar talla, mai ya jiƙa ta har ana ganin hannu ta ciki. Ina warwarewa sai idona ya faɗa kan layin ƙasa, inda muke sa sunan wanda ya buga da ƙananan haruffa. Akwai sunan Allah a ciki. Na leƙa ƙarƙashin bencinta, ga sauran takardun jibge, wasu iska ta riga ta kwashe ta zuba a kwata. Na tabbata mai maɗaba'ar nan albarka ya nema da ya raɗa sunan. Amma mu da aka rene mu a kan in ka ga takarda mai sunan Allah a ƙasa ka ɗauke ka soke a jikin bango ko ka ƙona, yaya za mu zama masu buga ta dubu goma a wata, a kan abin da muka san ƙarshensa bola? Mai tireda sunansa yana sama a allo, ba ya taɓa ƙasa. Naka zai hau takardar talla, da sitika, da leda, da rigar da za a sa a shiga banɗaki da ita. Hukuncin abin ka kai wa malaminka, amma abin da ido ya gani ke nan. Ka lura kuma, in sunan Baba irin su Abdullahi ne, wannan maganar ta shafe shi.

Sannan irin wannan suna alkawari ne. Ranar da aka kawo maka aikin da zuciyarka ke ɗar-ɗar da shi, aljihu kuma ya bushe, kuɗin haya ya zo, sunan da ke allo zai zama hujja a kanka a idon jama'a. Abin da za ka buga da wanda za ka ƙi tsakaninka da Ubangijinka ne, ka riƙe shi da kyau, amma ba sai ka ɗora shi a kan allo ba. In albarka kake nema a cikin suna, akwai su Albarka da Alheri da Amana, kuma Yarabawa sun san ta farkon, "alubarika" suke cewa. Matsalarsu ɗaya, kasuwa ta cika da su maƙil, daga masu burodi har masu ruwan leda.

"Arewa" ya fi sauran biyun dama-dama, kuma yana da wata sa'a da ba kowa ya lura da ita ba: a Yarabanci "arewa" kyakkyawa ake nufi, don haka kunnen Bayarabe ba zai ƙi shi ba. Zai kuma jawo maka namu, mahautan Oko-Oba, 'yan tumaki na Alaba Rago, 'yan canji, makarantun Islamiyya, ƙungiyoyin 'yan gari kaza mazauna Legas masu buga kalanda duk shekara. Waɗannan su ne za su riƙe ka a shekarar farko, kada ka raina su. Amma su ba allo ne zai kawo su ba. A masallacin Juma'a da wajen ɗaurin aure da bakin ɗan'uwa za su ji labarinka, ko da sunan shagonka lamba ce. Wanda allo zai kawo shi ne baƙon da bai san ka ba, kuma a Legas babban aikin takarda yana wajen bukukuwan Yarabawa na ƙarshen mako, da makarantu masu zaman kansu a farkon zango, da kamfanoni a ƙarshen shekara. Wasu daga cikinsu in sun ga "Arewa" za su ɗauka shagon na wasu ne, su wuce. Ga shi kuma sunan ya yi yawa, ka buga shi a wurin binciken rajista ka ga tsawon layin da zai fito.

"Digital" kuwa ajiye shi. Kada ka ɗaure sunanka a jikin inji. Na ga zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu, na ga zuwan fim, na ga kwamfuta ta kore fim ɗin, yanzu ga masu buga riga da injin da bai fi tebur ba. Duk wanda ya sa sunan injin zamaninsa a allo, yau allon yana nuna tsufansa. Haka sunan unguwa. Kana Agege bana, in mai gida ya ninka haya baɗi ka koma Ogba ko Iyana-Ipaja, sai sunan ya riƙa aika mutane inda ba ka.

Wani tarkon da masu shigowa sabo ke faɗawa shi ne siyasa. Kakar zaɓe ita ce kakar mai ɗab'i, a wata uku sai ka yi cinikin shekara, kuma kana so kowace jam'iyya ta shigo shagonka ba tare da ta waiwaya ba. Tsintsiya kalma ce mai daɗi, ga karin magana a bayanta, amma alamar APC ce. Lema ta PDP ce. Canji taken yaƙin zaɓen 2015 ne. Laƙabin wani babban ɗan siyasa kuwa kada ma ka kusance shi, komai son da kake masa, domin mulki na juyawa allo yana nan.

To me zan zaɓa in ni ne? Kalmar Hausa ɗaya, gaɓa biyu ko uku, daga cikin kayan sana'ar, a bi ta da "Press" ko "Prints" don baƙo ya san abin da ake yi. Mu a nan muna da wata gata da ba mu cika amfani da ita ba. Kalmomin rubutu da yawa mun yi tarayya da Yarabawa a kansu, saboda daɗewar cuɗanya ta malamai da fataken goro. Muna cewa tawada, suna cewa "tadawa". Muna cewa takarda, suna cewa "takada". Muna cewa alƙalami, suna cewa "kalamu". Ka ga ke nan suna kamar Tawada, Bahaushe ya ji na gida ne, dattijon Bayarabe ya gane shi ba tafinta, ɗan Ibo kuma ya furta shi ba tuntuɓe. Tambari ma ina son sa ƙwarai. Ganga ce ta sarauta wadda ba a kaɗa wa kowa, kuma ita ce kalmar da muke kiran alamar kamfani da ita yanzu, wato ainihin abin da kake bugawa. Akwai Launi, akwai Hatimi, akwai Gwani. Zayyana ta fi su duka kyau a kunnena, domin tana tuna mini adon allon sauka, amma Yarabanci ba shi da harafin z, za ka ji ana "Sayana", sannan rabin masu rubutawa za su yar da y ɗaya. Waɗannan misalai ne na hanya, ba na ce ka ɗauka ido rufe ba, domin kowanne sai an duba ko wani ya riga ka.

Kula da haruffanmu masu lanƙwasa. Ina kishin ƙ da ɗ da ɓ kamar kowa, kuma in aka kawo maka aikin Hausa wajibi ne ka sa su daidai, wannan ma wata kasuwa ce da 'yan Shomolu ba za su iya ƙwace maka ba. Amma a sunan kasuwanci wahala suke jawowa. Kwamfutar banki da rasit ɗin POS za su miƙe lanƙwasar, wani lokaci ma su fito da alamar tambaya a gurbinta. Ɗangote bai yi asarar komai ba da aka rubuta shi da d. Amma a ce ka sa Kishin Ƙasa, aka miƙe ƙ ɗin, ka koma kasa, ko dai gazawa ko macijiya. Harafin c ma haka: Cigaba, mutumin Legas zai karanta "Sigaba" ko "Kigaba". Tsari zai koma "Sari". Kalma mai ɗauri a sama irin Sa'a ko Jama'a ba ta shiga adireshin intanet, ba ta shiga sunan shafin Instagram. Ka nemi wadda yadda aka ji ta haka ake rubuta ta.

In ka tace ka samu uku, gwada su kafin ka kashe ko sisi. Yi saƙon murya a WhatsApp, ka faɗi sunan sau ɗaya tak a bakin titi inda ake hayaniya, ka tura wa Bayarabe ɗaya, ɗan Ibo ɗaya, Bahaushe ɗaya, ka ce kowa ya rubuto abin da ya ji. Ka tambayi biyun farko ko kalmar ta yi kama da wani abin kunya ko zagi a harshensu, har da haruffan farko in an haɗa su, domin wanda sunansa ya taƙaita zuwa OLE ya rubuta "ɓarawo" da Yarabanci a ƙofarsa. Bayan kwana uku ka sake kiransu ka ce, sunan nan da na faɗa maka, me ne ne ma? Wanda aka tuna shi ne naka. Daga nan ka yi masa gwajin da mu kaɗai muka iya: buga shi da baƙi zalla, da haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero, a gindin takarda mafi arha. Buga shi fari a kan baƙi. Sa a yanka maka shi a hatimin roba. Buga shi a ƙyallen bana ka rataya, ka tsallaka titi ka duba. Sunan da sai da launi huɗu da inuwa yake kyau, bai yi ba.

Yanzu maganar hukuma, wadda saboda ita na ce mai allo ya jira. Rajistar suna tana hannun hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. In da sunanka na yanka zalla kake kasuwanci, ba ƙarin komai, doka ba ta tilasta maka rajista ba. Da zarar ka ƙara ko kalma ɗaya, ana so ka yi cikin kwana 28 da fara aiki. A shafinsu na intanet akwai wurin bincike kyauta, ka fara da nan, ka buga sunan ta kowace fuska da za a iya rubuta shi. Ba sa karɓar sunan da ya yi daidai da na wani, ko ya yi kama da shi har a iya ruɗewa. Akwai kuma kalmomin da sai da izini na musamman, irin su "Federal", "National", "State", "Government", "Chartered", "Cooperative", "Group" da "Holding", kada ka ɓata lokacinka a kansu. In sun amince, za su ajiye maka sunan kwana 60 ka kammala rajista, kuma kuɗin ajiyewar bai kai na rim ɗaya na takarda ba. Na ga waɗanda suka buga littafin rasit hamsin da katin shago dubu, suka ɗaga allo, sannan suka je neman rajista suka tarar sunan yana da mai shi. Mai ɗab'i ya fi kowa saurin faɗawa wannan ramin, saboda inji na gabansa, hannunsa na ƙaiƙayi.

Rajista iri biyu ce a gabanka. Akwai ta sunan kasuwanci kawai, mai lambar BN, ita ce mai sauƙi da arha, amma a wajen bashi kai da shagon abu ɗaya ne. Akwai ta kamfani, mai lambar RC da "Limited" a ƙarshe, wadda tun dokar 2020 mutum ɗaya ma zai iya yi, da jarin hannun jari daga naira 100,000 a takarda. Ka fara da ta farko in aljihu bai kai ba, amma ka zaɓi sunan da gobe zai ɗauki "Limited" ba tare da ya yi nauyi ba, domin manyan kamfanoni sun fi sakin jiki da mai RC. In wani ne ya ba ka jari, ko kuna haɗin gwiwa, ku rubuta tun yau wa ke da sunan in an rabu. Inji ana sayarwa a raba kuɗi, suna ba ya rabuwa biyu.

Mutane da yawa sun ɗauka takardar CAC ta gama komai. Kariyar tambari wani ofishi ne daban a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma 14, kuma abin da ya shafe mu aji na 16 ne na kayan da aka buga, da aji na 40 na aikin bugun kansa. Ba dole ka yi wannan a watan farko ba, amma ranar da ka ga sunanka ya fara tsada, ka yi. Ko ba wannan rajista, kotu tana hana mutum raɓewa da sunan wani don ya kwashe masa ciniki. Tun 1961 aka yi shari'ar Niger Chemists da Nigeria Chemists, masu sayar da magani a titi ɗaya a Onica, kotu ta hana na biyun amfani da sunan, alhali bambancin haruffa biyu ne. Na kawo wannan ne saboda wata ɗabi'a ta yaran da aka yaye: sai yaro ya ɗauki sunan shagon maigidansa ya ɗan karkata shi, wai don a san daga ina ya fito. Kada ka yi. Mutumin nan ya ba ka sana'a, kada ranar farko ka sa shi zargin kana jan masu kawo masa aiki. Ka je ka gaya masa sunan da ka zaɓa kafin kowa ya ji, ka nemi albarkarsa.

Da takarda ta fito, a rana ɗaya ka kama sunan a ko'ina: WhatsApp na kasuwanci, Facebook, Instagram, taswirar Google, da adireshin intanet mai ƙarewa da .com.ng ko da ba ka shirya buɗe shafi ba. Ka buɗe asusun banki da sunan, harafi da harafi yadda yake a allo. A garin nan mutum in zai tura kuɗin kafin alƙalami, ya ga sunan da ya fito a wayarsa ya saɓa da na shago, hannunsa tsayawa yake yi, kuma yana da gaskiya. Da sunan za ka yi rajista da CIPPON, cibiyar ƙwararrun masu ɗab'i da doka ta kafa a 2007, wadda wasu masu ba da kwangila ke tambayar lasisinta. Allon kansa ma ba kyauta yake hawa bango ba, akwai hukumar LASAA ta jihar Legas da ke ba da izini tana karɓar kuɗi duk shekara, kuma girman allo yana cikin abin da ake dubawa. Gajeren suna yana ba ka manyan haruffa a ƙaramin allo.

Saboda haka a cikin ukun nan ba na ba ka ko ɗaya yadda yake. In laƙabin gidanku gajere ne kuma babu sunan Allah a ciki, ka yi shawara da Baba da 'yan'uwanka a fili, ka sa shi cikin waɗanda za ka gwada. Ka ƙara da biyu daga kalmomin sana'a. Ka tura saƙon muryar nan yau da daddare, ka yi istihara, ranar Litinin ka shiga shafin rajista. Asabar ɗin da ka yi wa mai allo alkawari, ka zo Shomolu da sunayen uku a rubuce, mu je wajen mai yankan nan na bayan Bajulaiye, yana nan har yanzu. Za mu faɗa masa su a cikin ƙarar inji, mu miƙa masa alƙalamin maka, mu ga wanne zai rubuta a kan ƙunshi bai ce a maimaita ba.